Makullin Sirrinki: Wa Ya Kamata Ya Riƙe?

Ɗan ɗauko wayarki ki duba abin da ke cikinta. Akwai hotunan biki da aka ɗauka a tsakanin mata ba mayafi, akwai saƙon murya tsakaninki da maigida lokacin da ya yi tafiya, akwai tambayar da kika yi wa likita a kan lalurar da ko mahaifiyarki ba ki faɗa wa ba. To, in aka ce gwamnati na son mabuɗin da zai buɗe wannan duka, naki da na kowa, domin ta kama masu garkuwa da mutane da 'yan ta'adda, za ki bayar? Kar ki yi saurin amsawa, domin kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi.

Bari mu fara fahimtar makullin. Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni ta yadda suna barin wayarki sai su rikiɗe su koma tarin lambobi marasa ma'ana, ba za su dawo magana ba sai a wayar wadda kika aika wa. Kamfanin kansa ba ya riƙe da mabuɗin. Ke nan ko alƙali ya rubuta takardar izini, kamfanin ba shi da abin cikin saƙon da zai miƙa. A nan rigimar take.

An ga wannan a fili a Amurka. A Disamban 2015 wani mutum da matarsa suka harbe mutum 14 a garin San Bernardino. Hukumar bincike ta FBI ta samu wayar iPhone da mijin yake amfani da ita, amma a kulle, kuma ana gudun in aka kuskure lambar sirrin sau goma ta goge komai. A Fabrairun 2016 kotu ta umarci kamfanin Apple ya ƙirƙiro manhajar da za ta kau da wannan kariya. Apple ya ƙi. Ya ce ya riga ya miƙa bayanan da ke hannunsa, amma abin da ake nema yanzu, in ya samu, zai iya buɗe wayoyin wasu miliyoyin mutane. A ƙarshen Maris gwamnati ta janye ƙarar bayan wasu ƙwararru sun buɗe mata wayar.

Mu yi wa jami'an tsaro adalci. Duk uwar da ta tuna 'yan mata 279 da aka sace daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021 ta san abin da ake nufi da rai yana cikin hatsari. Da ɗiyarki ce a daji, wallahi ba za ki tsaya lissafin sirrin kowa ba, cewa za ki yi a buɗe duk wayoyin duniya. Kuma ba ƙarya ba ne, akwai miyagu masu lalata ƙananan yara da masu ƙulla kashe-kashe da ke fakewa a bayan wannan makulli.

Sai dai wasu kan ƙara da cewa ai mai gaskiya ba ya tsoron bincike. Haba 'yar'uwa! Labulen ƙofar ɗakinki don kina aikata laifi kika rataya shi? Zauren da ke tsayar da baƙo a waje don a ɓoye ɓarna aka gina shi? Kullum addu'armu ita ce Allah Ya rufa mana asiri, kuma mun san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Talauci sirri ne, rashin lafiya sirri ne, saɓani da miji sirri ne, kuma babu laifi ko ɗaya a cikinsu. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin mutane, Suratun Nuri ta hana shiga gidan wani ba izini. Sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 shi ma ya kare sirrin gida da wasiƙu da maganar waya.

Malamanmu na da ba su bar tambayar a buɗe ba. Imam Mawardi, a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki, ya yi wa jami'in hisba iyaka: ba ya da ikon bankaɗo abin da mutane suka ɓoye a gidajensu, sai in amintacce ya ba shi labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar wani ya keɓe da wani zai kashe shi. Ki lura da sharuɗɗan: mutum sananne, hujja mai ƙarfi, cuta babba. Bai ce a cire ƙyauren kowane gida a gari don wataƙila akwai mai kisa a ɗaya daga ciki ba.

Wannan shi ne bambancin da nake so ki riƙe. Buɗe ƙofa ɗaya da izinin alƙali daban, ajiye mabuɗin da ke buɗe ƙofar kowa daban. Na biyun ba ya zama a hannun mutanen kirki kaɗai, domin mabuɗi bai san mai shi ba. A ƙasar Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu suka kutsa cikin na'urar da aka tanada a kamfanin Vodafone don sauraren waya bisa doka, suka yi watanni suna sauraren kimanin wayoyi 100, har da ta firaminista. A 2024 kuma aka gano masu kutse, waɗanda Amurka ta ce Sin ce ke bayansu, sun shiga manyan kamfanonin wayarta, har cikin tsarin da ake amfani da shi wajen saurare da izinin kotu. Abin mamaki, a Disamban 2024 jami'an gwamnatin Amurka da kansu suka shawarci jama'a su koma ga saƙonni masu makulli. To, in ƙasa mai irin wannan ƙarfi ta kasa tsare nata mabuɗin, wa zai tsare namu? Kuma gwamnati takan canja. Wanda kika amince wa yau, ba ki san wanda zai gaje kujerarsa gobe ba.

Shin hakan na nufin a ɗaure hannun jami'an tsaro? Ko kusa. Makullin yana rufe abin da aka faɗa ne, bai rufe wa ya kira wa ba, da lokacin, da yankin da wayar take. Kuɗi ma suna barin sawu a banki. Ki duba nan gida: tun Disamban 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, a Satumban 2021 har katse layukan sadarwa aka yi a Zamfara, amma masu garkuwa suka ci gaba da kiran iyalai suna cinikin kuɗin fansa, sau da yawa da kira irin na kowa wanda ba shi da wani makulli. Ashe ba mabuɗi ne ya yi ƙaranci ba, aiki da abin da ke hannu ne.

Duk da haka, wannan matsayi yana da farashi. Za a samu ranar da mugu zai tsira saboda an kasa karanta saƙonsa, kuma wata uwa ce za ta yi kukan. Ana zaɓar wannan ne domin ɗaya cutar ta fi faɗi: mace nawa za a yi wa barazana da hotonta, gida nawa zai watse, in mabuɗin kowa ya faɗa hannun ɓarawo?

Sauran kuma namu ne. Makulli ba ya hana ƙawa tura muryarki zuwa wani zaure, ba ya hana uwargida laluben wayar amarya in ta shiga wanka. Haƙƙin da muke so hukuma ta kiyaye mana, mu fara kiyaye wa juna. In kuma aka turo miki barazana ko kika ga ana farautar yarinya, kar ki goge saƙon, ki kai wa hukuma. Wannan ƙofar taki ce, ke kike da ikon buɗe ta.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai. Wassalam.