Icce Tun Yana Ɗanye

Hausawa kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma galibi tarbiyyar yara ake nufi. A ganina maganar ta fi zama daram a ɗakin wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Tushen ciwon nan a ƙwaƙwalwa yake: jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe, sashen da ke ba ƙafa umarni ya lalace. Sassan da suka tsira suna iya koyon aikin, kuma sun fi saurin koyo a watanni ukun farko. Ɗanyantakar ke nan. Abin da ke ci mini rai shi ne waɗannan watannin muke ɓatarwa da sunan tausayi. A shimfiɗa wa dattijo katifa, a hana shi motsi don kada ya faɗi, har tsoka ta zube, gaɓa ta sandare. Wasu kuma su ce shafar iska ce, a yi ta turare ana jira, alhali addu'a ba ta hana zuwa gashi. Ƙwaƙwalwa ba ta koyon tafiya sai da gwaji: zama a bakin gado, miƙewa tsaye, ɗora nauyi a kan ƙafar da ta shanye, sannan taku, kullum ana maimaitawa bisa tsarin likitan gashi.

Wani zai ce to ai sai a tashe shi tun ranar farko. A'a, ɗanyen icce ma yakan karye a hannun mai gaggawa. Binciken AVERT na 2015, kan majinyata 2,104 a ƙasashe biyar, ya gano cewa waɗanda aka matsa wa yawan motsi cikin awa 24 na farko, kashi 46 cikin ɗari ne suka warware sosai bayan wata uku, sauran kuwa kashi 50. Kaɗan-kaɗan, akai-akai, ya fi dogon zama guda mai gajiyarwa.

Ƙorafi mafi nauyi na wanda ya makara ne: shi ke nan iccensa ya bushe? A nan dole in ja da karin maganar, domin mutum ba ya bushewa haka. A binciken LEAPS na Amurka, wanda aka wallafa a 2011 kan mutum 408, wasu sun fara atisayen tafiya a kan na'ura a wata na biyu, wasu sai a na shida, wasu kuma likitan gashi ya riƙa bin su gida yana koya musu ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa. Bayan shekara, kashi 52 cikin ɗari sun inganta tafiyarsu, ba tare da wani rukuni ya tsere wa wani ba. Wato na'ura mai tsada ba ta fi tsakar gida ba, kuma mai jinkiri ya kamo. Sai dai a wata na shida, waɗanda suka fara da wuri sun riga sun fi shi nisa da sauri, shi kuwa lokacin yake shirin farawa.