Haƙurin Maginin Tukwane

A yau kwamfuta tana zana tulu cikin ƙiftawar ido, amma ba a ɗiban ruwa da shi. A bayan takardar naira 20 kuwa, ga Ladi Kwali tana ginin tukunya da yatsun da suka san halin yumɓu. Abin da ya ɓaci a waya, goge shi ake yi. Wanda ya ɓaci a hannun magini, sake kwaɓa shi yake yi, muddin bai bushe ba. Wannan ne Ubangiji ya nuna wa Irmiya a sura ta 18. To, ɗan'uwan da ya yi tuntuɓe fa? Goge lambarsa za mu yi, ko mu zauna da shi har ya miƙe? Ya Ubangiji, ka koya mana haƙurin hannunka. Amin.