Mai Faɗi da Mai Ji: Wa Ke da Laifi?

Idan magana ta ɓaci tsakanin mutum biyu, galibi akan ɗora laifin a kan wanda ya faɗe ta. Akan ce baki shi ke yanka wuya. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Wasannin kwaikwayo da muke ji a rediyo, da waɗanda muke kallo a talabijin, suna nuna mana cewa shi ma kunne yana da nasa alhaki.

Hausawa sun daɗe da irin waɗannan wasanni. An buga Zamanin Nan Namu na Malam Shu'aibu Maƙarfi a 1959, da Jatau na Kyallu a 1960. Daga baya Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya yi shekaru yana ba jama'a dariya da Hausar bariki a wasan Samanja. A 1990 kuma aka fito da fim ɗin Turmin Danya a Kano, finafinan Hausa suka yi ta biyo baya. Zamani ya sake, kayan aiki sun sake, amma akwai wata rigima guda wadda masu shirya wasa ba su gajiya da ita.

Ga yadda takan kasance. Amarya tana magana da ƙaninta a zaure a kan wani bashi. Uwargida ta laɓe bayan ƙyaure, ta tsinci rabin zancen, sa'an nan ta cike sauran da abin da zuciyarta ta raya mata. Da mai gida ya komo ta kwashe ta gaya masa. Shi kuwa bai kira amarya ba, bai tambayi kowa ba, sai ya nemi takarda da alƙalami. Mu da ke kallo sai mu yi ta cewa, "Haba mai gida, ka tambaye ta mana!"

To, me ya sa muka fi shi hankali a wannan lokaci? Dalili shi ne an nuna mana zaure, an kuma nuna mana bayan ƙyaure. Mai gida kuwa gefe guda kaɗai ya ji. A zaman duniya ba mai samun mazaunin ɗan kallo. Kowannenmu mai gidan nan ne, rabin zance ke iske shi. Saboda haka abin da zai maye masa gurbin ganin da bai yi ba, shi ne tambaya. A aya ta 6 ta Suratul Hujurat an umurci muminai su bincika labarin da fasiƙi ya kawo kafin su aikata abin da za su yi nadama a kansa.

Har wa yau wasan rediyo ya koya mana cewa kalma ba ta tafiya ita kaɗai. Dubi kalmar "to". Akwai "to" ta yarda, akwai ta gargaɗi, akwai ta wanda ya gaji ya bar wa Allah. Ɗan wasa da muryarsa kaɗai yakan rarrabe mana su, ba mu ko ga fuskarsa ba. Amma in aka rubuto "to" a saƙon waya, murya ta ɓace, fuska ta ɓace. Mai karantawa shi zai sa mata murya, in kuwa yana cikin fushi, muryar fushi zai sa mata. Zumunci da yawa ya yanke ta wannan hanya.

Wani zai ce, ai kunya ba ta barin ɗa ya titsiye ubansa, ko suruka ta tuhumi uwar mijinta. Haka ne, kunya kuwa ado ce, ba mu ce a yar da ita ba. Amma magabata sun yi wa wannan hanya. Ɗa yakan bi ta wurin kawu ko aminin mahaifinsa, mace takan bi ta wurin gwaggo ko waliyyinta. Tambaya takan isa inda aka nufa, mutunci bai zube ba. Sai dai a zaɓi manzo mai amana, wanda ba ya ƙari, ba ya ragi. Kawaici shi ne ka san gaskiyar abu ka haƙura. Wanda ya yi shiru a kan zato yana dafa shi a ciki, wannan ba kawaici ya yi ba, gaba ya ƙulla.

Mai karatu, ka lura da abu guda. Mai shirya wasa da gangan yake hana mai gida tambaya, domin in ya tambaya wasan ya ƙare nan take. Shi ribarsa rigimar ta yi tsawo. Kai kuwa ba ka da riba a ciki. 'Yan wasa in an gama sai su wanke fuska su ci abinci tare, amma takardar saki ta gaske ba ta goguwa da dariya, 'ya'ya kuma su ke shan wahalarta.

Saboda haka in an kawo maka zance, kafin ka yanke hukunci tambayi mai kawowa, "Kai ka ji da kunnenka?" Sa'an nan ka nemi mai maganar ka ce, "Me kake nufi?" Allah ya ba mu kunnen basira, amin.