Abin Da Ya Kai Ka

Kowace shekara, sa'ad da jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, a kan sami waɗansu gidaje a Beli da ƙauyukan da ke kewaye da ita inda a ke murna. A kan sayar da buhunan masara, wani lokaci har da akuya ko ɗan maraƙi, a haɗa kuɗin makaranta. Ran tafiya uwa ta ƙulla garin kunu da ƙuli-ƙuli da yaji, uba kuwa ya raka yaron har bakin hanya. A nan ne ya kan faɗa masa maganar nan da dukanmu muka sani, gama mun faɗa wa namu, waɗansunmu kuma an faɗa mana: "Ka yi abin da ya kai ka. Ba ruwanka da kowa."

Muna so mu yi tunani a kan wannan magana tare da ku, masu karatu. Maganar ƙauna ce, ba mu musu. Amma ko dukanta gaskiya ce? Mene ne ainihin abin da ya kai yaron?

Ƙasarmu ta Rogo tana iyaka da Jihar Kaduna, saboda haka Zariya ba ta yi mana nisa ba. Can Samaru Jami'ar Ahmadu Bello ta ke, wadda aka buɗe ran 4 ga Oktoba, 1962. Waɗansu kuma su kan nufi Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977, ko ta Wudil wadda ta fara a 2001. Ko wacce yaron ya shiga, abu ɗaya zai tarar. Kafin ya gane ɗakin da za a ba shi darasin farko, mutane sun riga sun gane shi. Ga 'yan ƙasarsu suna kiransa taron 'yan gida. Ga ƙungiyar sashen karatunsa tana neman ya biya kuɗin shiga. Ga Zumuntar Ɗalibai Krista, watau FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, ga kuma Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, MSS, wadda aka kafa a Ikko a 1954. Ga 'yan ƙwallo, da masu wasan kwaikwayo, da masu neman ƙuri'arsa domin su shugabanci ɗalibai. Akwai kuma waɗansu da ba su kafa allo, ba su raba takarda, sai dai su zauna kusa da shi a wurin cin abinci su ce sun ga shi namiji ne, suna so su zama garkuwarsa.

Iyaye ba su ji tsoro a banza ba. A watan Afrilu na 1978 ɗaliban ƙasar nan suka tashi saboda ƙarin kuɗin abinci, suna cewa sai Kanar Ahmadu Ali, mai riƙe da ma'aikatar ilimi, ya sauka. Aka harbe ɗalibai a Ikko da Samaru, gwamnati kuma ta soke ƙungiyarsu ta ƙasa. Ran 23 ga Mayu, 1986, aka sake zub da jinin ɗalibai a Samaru, sa'ad da 'yan sanda suka shiga jami'ar a kan rigimar korar waɗansu shugabannin ɗalibai. A Ife kuwa, ran 10 ga Yuli, 1999, 'yan ƙungiyar asiri suka shiga ɗakunan kwana kafin gari ya waye suka kashe ɗalibai 5. Dukan waɗannan 'ya'yan wani ne, an kuwa raka su bakin hanya kamar namu.

Har wa yau talaka yana da nasa dalili dabam. In aka kori ɗan mai kuɗi, ubansa ya kan nema masa wata makaranta, ko a cikin ƙasa ko a waje. Ɗan manomi in aka kore shi, fartanya ce ke jiransa, da kunya, ga masarar da aka sayar ba za ta komo rumbu ba. Sau da yawa ma an hana ƙanensa domin a ba shi. Yaron nan yana ɗauke da bashi, ko da ya ke ba a rubuta shi a takarda ba. Wanda ya manta da wannan ya shiga tarurruka har ya fāɗi jarrabawa, ya ci amanar gidansu, ko taron na addu'a ne.

To, amma bari mu komo gida mu dubi kanmu. A Beli wa ya taɓa yabon mutum da cewa ba ruwansa da kowa? A ce ga wani, in an kira gayya ba ya zuwa, in a na yāsar rijiya yana gonarsa, in an yi mutuwa a maƙwabta ya ce aiki ya yi masa yawa. Bai saci kome ba, bai zagi kowa ba. Duk da haka ba mu ce da shi mutumin kirki, gama da safe matarsa tana ɗebo ruwa a rijiyar da waɗansu suka shiga. Yaya abin da mu ke ƙi a ƙauye ya zama shi mu ke koya wa 'ya'yanmu ran da za su tafi?

Jami'a ma gari ce, tana da nata rijiyoyi. In famfon ɗakin kwana ya ƙafe, wani ɗalibi ne ya ke barin littafinsa ya tafi ofis ya yi ta jira har a gyara. In an ɓatar da sakamakon jarrabawar aji guda, wani ne ya ke bin takardu. In sabon zuwa ya kwanta zazzaɓi da dare, wani ne ya ke goya shi zuwa asibitin makaranta. Wanda ya ce ba ruwansa yana shan ruwan nan, yana kuma karɓar sakamakon nan. Ba mu ce ya yi laifin da za a hukunta shi ba, amma hannunsa bai kai tsabtar da ya ke zato ba.

Ban da wannan, akwai karatun da ba malamin da ya ke bayarwa a aji. Mutum ya iya tsayawa gaban taro ya faɗi ra'ayinsa ba tare da zagi ba. Ya riƙe kuɗin jama'a shekara guda, ya kawo lissafi ba kwabon da ya ɓace. Ya nemi ƙuri'a a kā da shi, gobe ya gai da wanda ya ci. Ya zauna ɗaki ɗaya da Tibi da Bayarabe da Ibo har ya san abin da ke ba su dariya da abin da ke ɓata musu rai. Tun 1973 gwamnati ta ke tura masu gama jami'a bautar ƙasa a jihohin da ba nasu ba, wanda bai koyi zama da baƙi ba kuwa can zai sha wuya. Mu ma nan gida irin waɗannan mutane mu ke nema. Ku tuna da yawan ƙungiyoyin manoma da suka watse a ƙasarmu a kan rabon taki, ba don rashin masu takardar shaida ba, sai don ba wanda ya iya riƙe littafin kuɗi ya karanta shi a fili.

Tarurrukan ɗalibai sun kuma yi wa ƙasa aiki. A 1958 waɗansu 'yan makarantar zane a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama tushen jami'ar, suka kafa 'yar ƙungiya tasu. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, da Bruce Onobrakpeya. Suka ce ba za su tsaya kan kwaikwayon zanen Turawa kaɗai ba, za su haɗa shi da irin zanen iyayensu. Waɗannan samari su ne daga baya suka zama manyan masu zane na Nijeriya. A ƙarshen 1960 kuma ɗalibai daga Badun suka yi jerin gwano zuwa majalisa a Ikko, suna ƙin yarjejeniyar tsaro da sabuwar gwamnatinmu ta ƙulla da Ingila. A watan Janairu na 1962 aka soke ta. Da dukansu sun bi shawarar bakin hanya, da ba a yi ko ɗaya ba.

A nan ne maganar ta ke da wuya. Da za mu iya raba ƙungiyoyi kashi biyu, mu ba yaro takarda mu ce ga nagari ga miyagu, da mun huta. Amma ba haka abin ya ke ba. Ƙungiyar da Wole Soyinka da abokansa 6 suka kafa a Badun a 1952, nufinta shi ne yaƙi da ƙabilanci da girman kai a makaranta. Daga baya aka yi ta ɓallewa, a na kafa waɗansu bisa kamanninta, har aka kai ga masu rantsuwa cikin daji da gatari. Mu iyaye kuma hankalinmu ya kan kwanta in mun ji yaro yana taron addini. Sai mu tuna, rikicin watan Maris na 1987 a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya faro ne tsakanin ɗalibai Krista da ɗalibai Musulmi a kan wa'azi, kafin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Ashe kyan suna ba ya tsare taro daga ɓarna.

Abin da mu ke gani shi ne, ya kamata yaro ya shiga, amma ya shiga da hankalinsa a hannunsa, kada ya ajiye shi a bakin ƙofa kamar takalmi. Baƙo ba ya rawa ran da ya sauka. Bari ya yi watanninsa na fari yana kallo, ya kafa ƙafarsa a karatu, gama makin shekarar fari yana bin mutum har ranar gamawa. Sa'an nan ya zaɓi abu ɗaya ko biyu ya riƙe da gaske. Yana da hanyar gane inda ya sa ƙafa. Taron da a ke shiga da rana, a fita sa'ad da a ke so ba mai yi maka kashedi, da wuya ya hallaka mutum. Wanda a ke cewa kada ka faɗa wa uwarka, ya riga ya faɗi abin da ya ke. Ya kuma tambaya wa ke biyan kuɗin motoci da riguna da shinkafar da a ke rabawa, gama 'yan siyasa sun daɗe da sanin hanyar jami'a, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Gwaji mafi girma shi ne wannan: in ya tashi cikin taro ya ce, "Ni ban yarda ba," za a gaishe shi gobe?

Ranar zanga-zanga fa? Ba za mu ɓoye ba, wani lokaci ɗalibai ne ke da gaskiya, kamar sa'ad da ƙarin kuɗi zai kori 'ya'yan talakawa irin namu. A ganinmu ya kamata yaro ya je taron da a ke yanke shawara, ya yi magana, ya jefa ƙuri'arsa, kada ya bar wa masu zafin kai kaɗai. In zuciyarsa ta yarda, ya fita da rana, hannu wofi. Da ya ga an ɗauki dutse ko an kawo fetur, ya juya, ya kuma faɗa wa na kusa da shi dalilinsa. Za a kira shi matsoraci. Har ma da wannan duka ba mu iya yi wa iyaye alkawari cewa ba abin da zai same shi, gama harsashi ba ya tambayar wanda ya jefa dutse.

Akwai wata irin shiga kuma wadda ba ta bambanta da ƙin shiga ba. Yaro ya yi shekara 4 a Samaru, ɗakinsa 'yan Rogo da Karaye, abincinsa tare da su, in ya fita sai taron zumunta, daga can sai ɗaki. Wannan bai bar Beli ba, ya dai biya kuɗin mota. Zumunci da naka abu ne mai kyau, shi ne ya ke riƙe baƙo a watannin kewa. Amma a gida ubansa yana cin kasuwa da maƙwabcinsa Musulmi, suna yi wa juna gayya, suna zuwa wa juna suna da gaisuwar mutuwa. Abin kunya ne ɗan da aka kashe wa kuɗi ya komo da zuciya mafi ƙunci bisa ta ubansa wanda bai shiga aji ba.

'Yan mata kuwa mu kan ninka musu kashedin sau biyu, har yarinya ta gama karatu ba ta taɓa buɗe baki a taro ba. Sa'an nan mu komo muna kuka mun rasa macen da za ta shugabanci zumuntar mata, ko ta tsaya gaban hukuma a kan maganar asibitin haihuwa. Hatsarin da ke kansu gaskiya ne, amma yarinyar da ta ke da ƙawaye da manyan da suka san sunanta ta fi wadda ta ke ita kaɗai tsira, gama mai mugun nufi ya fi neman wadda ba ta da wurin kai ƙara.

Mun san akwai ɗalibin da ba shi da sarari ko kaɗan, wanda ya ke aski ko gyaran waya bayan darasi domin ya ci abinci. Ba mu ɗora masa wani kaya ba. In ya ara wa wanda ya yi ciwo littafin rubutunsa, ya riga ya je gayya.

Mu iyaye ma da namu aiki. In yaro ya zo hutu, takardar sakamako kaɗai mu kan tambaya, in ta yi kyau shi ke nan. Ya kamata mu zauna da shi da dare mu tambayi sunayen abokan ɗakinsa, da garuruwansu, da taron da ya ke zuwa, da abin da a ke yi a can, mu lura ko yana amsawa da sakin fuska ko yana kau da kai. In ya ce ɗaya daga cikinsu mutumin Makurɗi ne, ba shi da kuɗin motar zuwa gida a hutun Kirsimati, a ce masa ya zo da shi Beli. Lokacin rake ne, ɗakin soro kuma ba kowa a ciki.