Wa Ke Ba Da Labarin Ɓarawo?

Manyan cikinmu a nan Karu ba su manta da Samanja Mazan Fama ba, wasan marigayi Usman Baba Pategi da ya faro a Rediyon Kaduna. Mai kaki ne, amma yakan yi katoɓara, ya yi ta zuba Hausar bariki, mu kuwa mu yi ta dariya. Ashe ba kowace ƙasa ce ke bari a yi wa kaki dariya a rediyo ba.

A Amurka, daga 1945 zuwa 1953, an yi wani wasan rediyo mai suna This Is Your FBI, kan hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya. Shugabanta, J. Edgar Hoover, shi ya sa masa albarka, daga fayilolin hukumar kuma ake ɗauko labaran. Jami'i ba ya kama wanda bai ji ba bai gani ba, dubun mai laifi kuwa sai ta cika kafin a rufe shiri. To, daga baya fa ta fito fili cewa hukumar ta yi shekaru tana naɗar maganganun Martin Luther King a ɓoye.

Kada mu yi saurin tsine wa irin wannan wasa. Yaron da ya tashi yana jin cewa sata ba ta da riba ya ƙaru, mu ma haka muke so 'ya'yanmu su ji. Inda gizo ke saƙa shi ne, wanda ya yi kamun shi ke ba da labarin, wanda aka kama ba shi da baki. In kunne ya saba da haka, zargi da hukunci sai su zama abu guda.

Mu duba gida. 'Yan sandanmu ma na tarayya ne. Sun sha jera samari a ƙasa gaban kyamara, mu ce "Allah ya ƙara", alhali sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. A kasuwar Karu ko tashar Nyanya kuwa, ihun "ɓarawo!" kaɗai ya isa a ɗauko sanda. Mu baƙi, da sau da yawa ake fara nuna wa yatsa in abu ya ɓata, har da mu a masu duka. Yaron da aka nuna fuskarsa bara, wa ya bi sawu ya ji ko kotu ta sake shi?