Zakaran Bitrus ya yi cara sau nawa?

Daren Alhamis ne na makon Ista, an ɗauke wuta, muna zaune a kan bencinan majami'a da fitilar caji guda ɗaya a tsakaninmu. Ni ke jagorantar nazarin matasa, muna karanta yadda Bitrus ya yi musun Ubangijinsa. Sai wani yaro ɗan aji shida na sakandare ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, a Markus zakara sau biyu ya yi cara. Matiyu da Luka da Yahaya kuwa ba su ce sau biyu ba. Wanne ne gaskiya?" Kafin in buɗe baki, wani dattijon ikkilisiya da ke zaune a baya ya daka masa tsawa: "Kai yaro! Maganar Allah kake yi wa tambayar ƙure?" Yaron ya sunkuyar da kai, ya rufe littafinsa. Na yi wata uku ban sake sa shi a ido ba.

Dattijon nan ba mugu ba ne, na san shi tun ina ƙarami. Tsoro ne ya sa shi tsawa, kuma na san tushen tsoron, don ni ma na taso da shi. Mun girma tare da 'yan'uwa da maƙwabta Musulmi, waɗanda imaninsu game da Alƙur'ani a fili yake: an saukar da shi da Larabci, kalma bayan kalma, ta hannun Mala'ika Jibrilu, kuma fassara tana nan a matsayin fassara kawai. Wannan imaninsu ne, suna riƙe da shi bisa ƙa'idarsa. Mu ne muka ari mudunsu muka zo muna awon namu hatsin da shi. Waɗanda suka kai shekaruna za su tuna kaset ɗin muhawarar Ahmed Deedat da Jimmy Swaggart, wadda aka yi a Amurka a 1986, yadda ya zaga gidaje da shaguna. Deedat yana jero wuraren da ayoyi suka sha bamban, mu kuma gabanmu yana faɗuwa, domin a zuci mun riga mun yarda cewa in aka sami bambanci ko na kalma ɗaya, to ginin ya rushe.

Alhali Littafi Mai Tsarki bai taɓa cewa haka ya zo ba. Luka ya buɗe Bishararsa da bayanin cewa ya bi diddigin al'amuran ne daga bakin waɗanda suka gani da ido, sannan ya tsara su. Aikin mai bincike ke nan. Bulus, a farkon wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, yana lissafa mutanen da ya yi wa baftisma, ya ambaci biyu, sai ya tuna da iyalin wani gida, daga nan ya ce bai tuna ko da saura ba. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti kuma, yana kurkuku, lokacin sanyi na matsowa, ya roƙa a taho masa da alkyabbar da ya baro a Taruwasa da littattafansa. Ina ƙaunar wannan aya ƙwarai. Tsoho ne yana jin sanyi. Kuma a cikin wannan wasiƙar ce, babi guda kafin maganar alkyabba, aka kira Nassi hurarre. Kalmar Helenancin ta haɗa sunan Allah ne da numfashi.

Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla ya san abin da numfashi ke yi. Iska ɗaya ce, amma in ta bi ta kakaki amonta daban, in ta bi ta algaita daban. Haka nake fahimtar hurarwa. Amos makiyayi ne, maganarsa tana da kaushin mutumin karkara. Markus yana sauri kamar mai gudun kada dare ya yi masa. Yahaya yana zagaye magana ɗaya har sai ta zauna. Allah bai share muryarsu ba kafin ya yi magana ta bakinsu, a cikin littattafai 66, da Ibrananci da Aramiyanci da Helenanci.

Mahaifina mai bishara ne a ƙauye. Littafinsa tsohuwar fassarar nan ce ta 1932, wadda Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi wa hidima shekara da shekaru. Yana naɗe shi a ƙyalle, ya sa a akwatin ƙarfe saboda gara. Bai san harafi ɗaya na Helenanci ba, amma ko sau ɗaya bai yi shakkar cewa abin da ke hannunsa Maganar Allah ce ba, da Hausarta. Sai da na girma na gane girman abin da wannan ke nufi. In har saƙon yana iya ƙetare harshe ya iso da ransa, to ba a ƙirgen haruffa ransa yake ba.

Sai batun ɗaukar kowace aya a kan zahirinta. A nan Bahaushe bai kamata ya sha wahala ba, don kunnenmu ya saba rarrabe magana. In maroƙi ya kira sarki toron giwa, ba wanda ke leƙa ƙarƙashin rawani neman haure, kuma ba wanda ke cewa maroƙin ya yi ƙarya. Mun san kirari, mun san karin magana, mun san bambancin labari da wasiƙa. Amma da mun buɗe Zabura ko Wahayin Yahaya sai mu ajiye wannan kunnen, mu karanta waƙa kamar takardar awon fili. An sha biyan kuɗin wannan kuskure da tsada. A 1633 aka hukunta Galileo a Roma, kuma cikin ayoyin da aka daɗe ana kafa hujja da su a kansa har da labarin tsayawar rana a littafin Joshuwa. A 1650 Akbishop James Ussher ya tattara shekarun asalai ya fitar da cewa an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu, aka riƙa buga lissafin a gefen shafi har mutane suka ɗauka Nassi ne. A tsaunukan Afalaciya na Amurka akwai ƙananan ikkilisiyoyi da ke ɗaukar macizai masu dafi a lokacin sujada, saboda ayoyin ƙarshen Markus, mutane sun mutu a haka. Ayoyin kuwa, daga 16:9 zuwa 20, babu su a tsofaffin kundayen Sinaitikus da Batikanus na ƙarni na 4.

Kada a ce wannan tunanin Turawan zamani ne. 'Yan Afirka sun faɗe shi tun da daɗewa. Orijin na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya tambaya yadda za a yi safiya da maraice na kwana uku alhali sai a rana ta huɗu aka yi rana da wata. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi gargaɗi cewa in Kirista ya riƙa sakin baki a kan taurari da halittu yana jingina wa Nassi, wanda ba Kirista ba da ya san abin zai raina Littafin gaba ɗaya, har ya ƙi saurarensa a kan tashin matattu.

Na san abin da dattijona zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi: in ka buɗe wannan ƙofa, wa zai rufe ta? Yau kwanakin Farawa, gobe kabarin da ba kowa ciki. Marigayi Byang Kato, ɗan Kwoi, ya kashe ƙarfinsa yana kare ikon Nassi har rasuwarsa a 1975, kuma ina girmama shi. Ni ma na gaskata Yesu ya tashi da jiki. Dalilina shi ne rubutun da kansa yana nuna irin maganar da yake yi. Inda Bulus ke zancen tashin, sunayen shaidu yake jerowa, har ya ce mutum fiye da 500 sun gan shi, yawancinsu suna raye lokacin da yake rubutu. Mai kirari ba ya cewa je ka tambaya. Ko malaman nan fiye da 200 da suka sa hannu a sanarwar Chicago ta 1978, masu tsananin riƙo da cewa Nassi ba ya kuskure, sun rubuta cewa cike lissafi, da tsara labari ba bisa jerin lokaci ba, da bambancin abin da marubuta biyu suka zaɓa su faɗa, ba kuskure ba ne. Abin da ya rage mana shi ne wahalar karatu da natsuwa, aya bayan aya. Tsawa ta fi sauƙi, shi ya sa muke yawan zaɓenta.

Daga baya na je gidan su yaron. Na same shi a zaure yana gyaran keken ƙaninsa, hannu duk baƙin mai. Na ce masa alƙalin da shaidu huɗu suka zo masa da magana iri ɗaya, ba ragi ba ƙari, zai ce an haɗa baki. Na ce ya lura dukan marubutan Bishara huɗun sun rubuta abin kunyar babban manzo, ba wanda ya rufa masa asiri. Na kuma gaya masa abin da Fafiyas, wani bishop na farkon ƙarni na 2, ya ruwaito: cewa Markus daga bakin Bitrus ya ɗauko abin da ya rubuta. In haka ne, Bitrus da kansa, wanda ya tsaya a tsakar gida yana jin ɗumin wuta a daren musun, shi ne ya riƙe ƙirgen carar.

Ya goge hannu a tsumma, ya karɓi littafin, ya karanta Markus babi na 14 a hankali yana bi da yatsa. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ɗago ya ce, "Malam, ashe ya ji ta farkon, amma bai daina ba."