Bindigar Kaka

Akwai wata tambaya wadda ta raba ni da yayana, har muka yi wata uku ba mu ci tuwo ƙwarya ɗaya ba. Ga ta: in mutum ya gaji abu, ya sake masa wannan, ya sake masa wancan, har yaushe za a dinga kiransa abin gado? Na kawo ta nan don na san kai ma mai karatu ba ka rasa abin da aka bar maka, ko gida, ko gona, ko allo, ko galma.

Kakanmu maharbi ne, har ya riƙe sarautar Sarkin Baka a garinmu. Bindigarsa adaka ce, watau irin wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki, a daka da sandar ƙarfe. In an ja kunama sai ƙanƙara ta ƙyasta, wuta ta bi ta wata 'yar kafa ta kama albarushin. Turawan Danmak sun daɗe suna sayad da irinta a bakin teku, wajen Ankara ta ƙasar Gana, kafin su sayar wa Ingilishi wuraren zamansu a 1850. Daga baya maƙeranmu suka koyi ƙirarta. Ta Kaka ƙirar gida ce, da ita kuwa ya ciyad da iyalinsa da naman barewa da gada.

Mahaifinmu bai yi harbi ba. Ya naɗe bindigar cikin tabarma, ya jingine ta a ƙuryar ɗaki. Bayan rasuwarsa muka warware, muka tarar gara ta cinye rabin ƙota, tsatsa ta riƙe kunama. Magada duka, maza da mata, muka yarda ba za a sayar ba. A kan gyara ne rigima ta tashi.

Yaya ya ce, "Kada wanda ya taɓa ta. Tafin hannun Kaka ne ya sa ƙotar nan ta yi santsi. In ka jefad da ita, me ya saura nasa?"

Na ce, "Yaya, bindigar da ba ta tashi ai sanda ce. A yi mata sabuwar ƙota da sabon bututu, in rataya in shiga daji. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

To, wannan gardama ba mu muka fara ta ba. Wani marubuci na Yunanawa, Fulutak, wanda ya rayu wajen shekara 1,900 da suka wuce, ya ba da labarin jirgin ruwan wani jarumi Tisiyus, wanda mutanen birnin Atina suka ajiye don tunawa da shi. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo. Masanansu suka rabu biyu, waɗansu suka ce jirgin nan shi ne dai na dā, waɗansu suka ce ya zama wani. Mu ma muna da misali a ƙofar gida. Gidan ƙasa kullum a kan yi masa yaɓe, in soro ya rushe a ta da wani, in azara ta karye a sake. Bayan shekaru masu yawa da ƙyar ka sami tubali guda na farko, amma ba wanda ya ke jin nauyin cewa, "Nan ne gidan kakana." Gidan da aka ƙi yi wa yaɓe don girmama hannun mai ginin fa, damina nawa zai kai?

Da abin ya yi tsawo sai Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta kira mu. Ta dubi Yaya ta ce, "Ƙotar da ka ke kuka a kanta, ita ce ta uku. Ta fari ta tsage ina yarinya, ta biyu gobara ta lashe ta. Baba da kansa ya kai wa masassaƙi icen maɗaci." Sa'an nan ta juyo kaina ta ce, "Kai kuwa mai son shiga daji, yaushe rabonka da ganin barewa a dajin garin nan? Baba ba ya harbin mai ciki, ba ya harbin mai shayarwa, ba ya fita da damina, ba ya nuna mutum da bakinta ko da wasa. In ya kashe, sai maƙwabta sun sami rabonsu. Cikin waɗannan wanne ka tambaya?"

Ni dai ban sami ta cewa ba, gama gaskiya ta faɗa. Dazuzzukan da Kaka ya sani sun zama gonaki, namun da suka saura kuwa sun yi ƙaranci ainun. Tun a 1956 aka keɓe dajin Yankari a ƙasar Bauchi don kare su. Mariri, mai dogon ƙaho, wanda dā ya ke yawo garke garke a bakin Sahara, a shekarar 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji, sai a 2016 aka komo da waɗansu ƙasar Cadi daga cikin waɗanda aka kiwata a killace. Mutumin da ba ya harbin mai ciki don kada iri ya ƙare, yaya zai yi murna jikansa ya bi ragowar da bindiga?

Dokar bindigogi ta 1959 ta hana ƙira ko gyaran bindiga sai da izinin hukuma, saboda haka muka nemi maƙeri mai takarda. Ya leƙa bututun, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Samari, kun yi arziki ba ku ɗura mata ba. Tokar albarushi tana jan laima, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki inda ido ba ya gani. Ranar da aka harba ta, a hannun mai harbin za ta fashe." Ashe da na bi son raina da na rasa yatsu, ko ido. Da an bi na Yaya kuwa, da gara ta ƙarasa aikinta.

Ga abin da muka yi. Masassaƙi ya yi sabuwar ƙota ta maɗaci a kan siffar tsohuwar. Maƙeri ya kankare tsatsa, ya shafa mai, kunama ta motsa. Bututun Kaka muka bar shi, amma muka sa aka toshe kafar wutar don kada wani yaro ya gwada ta wata rana. Tsohuwar ƙotar kuma ba mu yar ba, tana rataye kusa da bindigar a zaure.

Abin da na fahimta shi ne, gado amana ne, mai riƙon amana kuwa haƙƙi uku ke kansa. Akwai na wanda ya bar maka, kada ka bar abinsa ya lalace da sunan girmamawa. Akwai na waɗanda ku ke zaune tare, kada abin ya cuce su. Akwai kuma na waɗanda ba a haifa ba tukuna, ka miƙa musu shi, ka kuma gaya musu gaskiya: wannan na Kaka ne, wannan mu muka sake. Ice da ƙarfe suna ƙarewa, dole a musanya su. Abin da ya sa har yau mu ke cewa bindigar Kaka shi ne ba ta taɓa fita daga hannun zuriyarsa ba, ka'idodinsa kuma suna biye da ita.

Yanzu in yara sun taru a zaure suna tambaya, Yaya ne ke sauko da ita. Ya kan fara da ƙota uku, ni kuwa in ƙarasa da barewa mai ciki. Kai ma ka duba abin da ke naɗe a ƙuryar ɗakinku tun gara ba ta riga ka ba, ka kuma tambayi tsofaffin gida tun suna da rai. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.